Gadar da Ba Ta Isowa Challawa

Gara in faɗa tun farko cewa ban amince da tunanina gaba ɗaya a kan wannan magana ba. Shekaru sun ja, kuma na sha ba da labarin a baki, har ina tsoron wasu abubuwan da nake gani sarai a yau ni ne na ƙara su a wajen faɗa. Inda na tabbata zan ce na tabbata. Inda ban tabbata ba, kuma nan ne ya fi yawa, zan nuna.

Bayan na gama jami'a na yi bautar ƙasa, na sami aiki a wata masaƙa a Challawa, a ofishin da ke kula da ma'aikata. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, sojoji suna kan mulki. A kan gwaji aka ɗauke ni, ma'ana sai mataimakin manaja ya gamsu da ni sannan a tabbatar da ni a aikin, in bai gamsu ba a sallame ni ba tare da dogon bayani ba. Daga ɗakin da nake haya a Ɗorayi zuwa ƙofar masaƙa, babu abin da nake juyawa a raina kowace safiya sai wannan.

Aikin farko da ya damƙa mini shi ne majigin Asabar. Masu masaƙarmu suna da hannu a wasu masana'antu biyu, ɗaya a Bompai ɗaya a Sharaɗa, sai aka haɗa kai ana hayar fim guda yana zagaya ukun. Yakan fara da Bompai, ya bi ta Sharaɗa, ya iso mana ranar Asabar da safe a motar kamfani, cikin gwangwanaye masu faɗi kamar faranti. Ni nake karɓa in kulle a kabad ɗin ofis, makulli a aljihuna, sai bayan la'asar in fito da su. A ɗakin cin abinci ake nunawa. A toshe tagogi da buhuna, a rataya farin yadi daga namu na masaƙa, mai gyaran wutarmu ya kunna na'ura. Mataimakin manaja ya sha gaya mini cewa idan na iya tara ma'aikata a ɗaki ɗaya suka watse ba hayaniya, to ya san zan iya aikin ofishin. Na ɗauki maganar da nauyinta, wataƙila ma fiye da nauyinta.

Yawancin ma'aikatan daga ƙauyukan hayin kogi suke, wasu daga ƙasar Gumel da Haɗeja, wasu daga Damagaram. Ba su jin Turanci, mu kuma ba mu da mai fassara. Fim ɗin yaƙi suka fi so, a cikin na yaƙin ma wanda yake da gada. Na lura idan manyan hafsoshi suka sunkuya a kan taswira suna magana, ɗakin yakan cika da hira da tari, wasu su fita shan iska. Da zarar gada ta bayyana a kan yadin sai a yi tsit. Daga nan ba wanda yake bukatar a gaya masa komai. Ga masu son tsallakawa, ga waɗanda ba su so a tsallaka, ga ruwa a ƙasa.

Akwai wani dattijo, hediman sashen rini, wanda kowa yake girmamawa, ni ma Baba nake ce masa. Ya taɓa gaya mini cewa duk wanda ya tashi a hayin kogi kafin a yi gada ya san abin da mutanen fim ɗin suke faɗa a kai. Da damina ƙauyensu yakan koma kamar wata ƙasa, gishiri ya yi wuya, mara lafiya ya jira ruwa ya janye. Ni kuma abin da ya riƙa ɗaure mini kai shi ne ɓangarorin biyu duk a kan gadar suke mutuwa, amma kowannensu a shirye yake ya rushe ta in ya ga za ta kuɓuce masa. Na so in faɗi haka, sai na ga zai yi kama da lacca.

Ma'aikatan sukan rabu gida biyu a wajen kallo. 'Yan hayin kogi suna bayan masu tsaron gada, 'yan cikin gari suna bayan wanda yake rarrafawa ƙarƙashinta da nakiya. Gardamar takan kai har Litinin a tsakanin injuna, ana yi da ƙarfi saboda ƙara. Amma dukansu, har masu goyon bayan tsaro, faɗuwar suke jira.

Sai gadar ta daina faɗuwa. Ranar farko da abin ya faru, ga mutum nan kwance a cikin ciyawa, hannunsa a kan abin tayar da nakiya, ɗaki ya yi shiru har ana jin ƙarar na'ura. Hoton ya yi tsalle, sai ga sojoji zaune a bakin ruwa suna shan taba, babu gada, babu hayaƙi. Aka yi gunaguni aka watse. Na ɗauka tsautsayi ne. Da wani fim ɗin yaƙin ya zo aka sake yin haka a daidai wannan wuri, sannan na bayansa ma, sai maganar ta canza.

Da wasa aka fara. In na ratsa ta sashen saƙa sai wani ya ce, “Malam na ofis, yau gadar tana nan ko an kai ta ajiya?” Wani ya amsa masa cewa a duba aljihuna na hagu, ai ya ga ya yi nauyi. Ina murmushi in wuce, amma na san wasan yana da tushe. Kowa ya san a wurina gwangwanayen suke yini. Kowa ya san a lokacin akwai shingen sojoji a bakin gadar da da yawansu suke bi safe da yamma. Abin da suka haɗa ke nan: ofis yana tsoron su koyi wani abu, sai aka sa sabon yaron da yake neman a tabbatar da shi ya riƙa yanke wurin.

Abin da ya hana ni barci mai daɗi shi ne zargin nasu ba a banza yake ba, sai dai ba ni ya kamata ya nufa ba, in ma akwai wanda ya kamata. Makonni kafin nan, mataimakin manaja ya taɓa tsayawa a bakin teburina ya ce shi waɗannan finafinan ba su kwanta masa ba. Mutanen da suke tsallaka gada kullum a gaban sojoji, kana tara su kana nuna musu inda ake ɗaura mata nakiya. Da dariya ya faɗa, ko kuma ni na ji kamar da dariya. Kuma ina kyautata zaton yana da makullin kowace kabad a ofishin, ko da yake ban taɓa ganinsa da na tawa ba.

Ban tsaya a kansa ba. Na zargi direban da yake kawo kayan, don yakan makara ba dalili. Na zargi mai gyaran wuta, don shi kaɗai ya san yadda ake yanka fim a haɗa. Wata Asabar na sa shi ya warware faifan ƙarshe a gabana, muka ɗaga zaren fim ɗin a hasken taga, muka ga wurin da aka yanka aka liƙa. Ya ce wannan ba liƙinsa ba ne, shi ba ya barin gam ya yi tudu haka. Ya faɗa yana kallona, sai na gane shi ma ni yake zargi. Na koma ina maƙala tsinken ashana a ƙofar kabad in zan fita, don in san ko an buɗe. Sau ɗaya na tarar ya faɗi. Amma mai shara yakan bugi kabad ɗin da tsintsiya, don haka ban ƙaru da komai ba.

Wata ranar Laraba, ina jin, Baba ya same ni a bayan ofis, hannayensa shuɗi har gwiwar hannu. Bayan gaisuwa ya ce mutane sun yi magana. In Asabar ta zo aka sake yanke musu gada, ba wanda zai yi faɗa, za su tashi ne gaba ɗaya su zo su tsaya a ƙofar ofis har a gaya musu wanda ya ɗauke su yara. Na rantse masa ban taɓa sa almakashi a fim ba, kuma ba na tsoron su ga gadar.

Ya ce, “Ɗana, ni ban ce kai ba ne. Amma makullin ba a wurina yake ba.”

Ban iya gaya masa abin da mataimakin manaja ya faɗa ba, don in ta koma kunnensa na gama yawo. Ban kuma iya tambayar mataimakin manaja ba, don tambayar kanta zargi ce. In kuwa ma'aikata suka taru a ƙofar ofis saboda majigin da aka ba ni, ba na bukatar a gaya mini sakamakon gwajina.

Abin da ya rage mini shi ne in bi gwangwanayen baya. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na nemi izini, na ce zan je Sharaɗa in ga yadda suke jera benci. A wani sito suke nunawa, an rufe ƙofarsa da tamfol, zafi kamar a gasa mutum. Na zauna a baya kusa da na'ura. Mai nuna musu wani mutum ne mai ƙiba da fara'a, da ɗan almakashi rataye a wuyansa da zare. Da na ga almakashin sai na ce a raina, to ga shi.

Fim ɗin ya kai wurin gada, ta tashi sama ta zube cikin ruwa, ko da yake na ga kamar hoton yana tsalle ko a nan. Kafin ƙura ta lafa sai siton ya ɗauka, a maimaita, a maimaita. Mutumin bai ko yi gardama ba. Ya tsayar da na'ura, ya sa yatsa ya juya faifan baya, fitila tana kunne, ya sake saki. Aka kuma neman a maimaita, ya kuma. A karo na gaba zaren ya maƙale, wani ɗigo mai ruwan ƙasa ya bayyana a tsakiyar gadar ya yi ta faɗi har ya cinye yadin, warin ƙuna ya tashi. Mutane suka kwashe da dariya kamar sun saba. Ya zare wurin da ya ƙone, ya yanke abin da ya kai tsawon hannu, ya shafa gam ya danne da babban yatsa, aka ci gaba.

Da aka tashi na gabatar da kaina, na tambaye shi ko kullum haka suke yi. Ya ce in ya ƙi maimaitawa ai sai su cinye shi ɗanye, kuma 'yan Bompai ma haka suke, sun ci rabonsu kafin ya zo masa. Na ce to mu na Challawa fa, me yake isowa gare mu?

Ya ce, “Abin da Allah ya rage, Malam.”

Ya kamata in koma gida da sanyin rai, kuma na ɗan samu. Amma ga inda nake so mai karatu ya lura. A iya abin da na gani, bayan ya yanka ya liƙa, akwai sauran gadar, ɗan guntu, ana ganin ƙarfe yana karkata zuwa ruwa. Washegari da aka nuna fim ɗin a wurinmu babu ko wannan guntun. Mai yiwuwa ya sake nuna wa 'yan wani juti, masu aikin dare, bayan na tafi, ya ƙara ƙonawa. Mai yiwuwa ni ne ban gani da kyau ba, don idona yana kan almakashi. Gwangwanayen dai sun yi safiyar Asabar a kabad, tsinken ashana yana nan inda na sa shi, sai dai duk wanda ya lura da shi yana iya mayar da shi.

Abin da ya hana a taru a ofis ran nan shi ne tun da safe na sami Baba na ba shi labarin Sharaɗa. Ya saurara har ƙarshe, bai ce ya yarda ba bai ce bai yarda ba. Ya ce zai riƙe mutane na wannan mako, amma labari ba zai ishe su ba, sai sun ga gada cikakkiya da idonsu.

Na je wurin masu ba da hayar fim, waɗanda su ma a Bompai suke, na roƙa a fara da mu ko sau ɗaya, da fim ɗin da bai zaga ba tukuna. Ba su ƙi ba. Mataimakin manaja kuwa na gaya masa ne cewa ina so mu fara samu saboda hoton ya fi fitowa fes. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce in yi yadda na ga ya dace. Har yau ban san me wannan kallon yake nufi ba.

Ranar da za a nuna, ni da kaina na je na ɗauko gwangwanayen, na riƙe su a cinya har Challawa. Ban sa su a kabad ba, ƙarƙashin teburina na ajiye na ɗora ƙafa a kai. Da la'asar ni da mai gyaran wuta muka kai su ɗakin cin abinci tare, muka yi salla ɗaya bayan ɗaya a nan gefensu, kowa yana cewa ɗan'uwansa ya fara.

Ɗakin ya cika fiye da kullum, har da waɗanda ba jutinsu ba ne. Wannan gadar ta dutse ce mai baka-baka, a iya tunanina, a kan wani kogi mai faɗi. Aka yi ta faɗa a kanta, masu tsaro suna raguwa, har ya rage saura kaɗan suka ja da baya suka tayar da nakiyar da hannunsu. Wannan ya rikita gardamar da aka saba, don masu tsaron ne suka rushe. Tsakiyarta ta ɗaga a hankali, ta tsaya kamar tana shawara, sannan ta zube, ruwa ya yi sama. Ba tsalle ko ɗaya.

Ban san wanda ya fara ba. A wurinmu ba a taɓa neman maimaici ba, mai yiwuwa labarin da na ba Baba ne ya zaga. Aka ce a maimaita, daga gaba, sannan daga ko'ina. Mai gyaran wuta ya tsayar da na'ura ya juyo yana kallona. A lokacin ne na hango mataimakin manaja tsaye a bakin ƙofa, hannayensa a baya. Bai taɓa zuwa majigin ba sai ran nan.

Baba ya miƙe daga bencinsa, bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ɗana, ka ce ba ka tsoron mu gan ta. To ga ta nan.”

Na san in na hana, duk abin da na yi a makonnin nan ya tashi a banza, za a ce an kama ni ne na kawo ta sau ɗaya don in rufe baki. In na bari, ga mutumin da aikina yake hannunsa yana kallon ma'aikatansa suna neman a sake rushe musu gada. Na duba ƙofar ko zai yi mini wata alama. Bai yi ba. Na ce wa mai gyaran wuta ya mayar, amma ya kashe fitila kafin ya juya faifan, kada ya ƙone. Aka sake kallo, aka sake nema, na sake bari. Tafin da aka yi a karon ƙarshe har da 'yan hayin kogi, har da Baba. Da na waiwaya babu kowa a bakin ƙofa.

Ranar Litinin ya kira ni. Ya ce an kawo auduga fiye da yadda sito zai ɗauka, za a zuba saura a ɗakin cin abinci, don haka an dakatar da majigi sai yadda hali ya yi. Sannan ya ce ya duba lamarina, ina da ƙoƙari, amma ina da saurin biye wa jama'a, saboda haka za a ƙara mini wa'adin gwaji. Bai ambaci gada ba. Na ce, “Na gode, Yallaɓai, Allah ya ƙara muku girma,” na fita.

Don in yi masa adalci, audugar gaskiya ce, da idona na ga an jibge ta har kusa da rufi. Amma bayan an kwashe ta majigin bai dawo ba. Ba a jima ba aka mayar da ni sito a Bompai, inda babu ma'aikatan da zan biye wa, kuma a can aka tabbatar da ni daga baya, a hannun wani shugaban daban, bayan na riga na fid da rai. Kafin in bar Challawa an daina tambayata aljihu. Baba yakan ba ni hannu biyu in mun haɗu. Akwai dai waɗanda har na tafi suna cewa ni ne, na ga an gane ni ne na sake dabara. Mai gyaran wuta bai taɓa gaya mini abin da ya yanke a ransa ba, ni ma ban gaya masa nawa ba.

Ban rubuta wannan don in ɗora wa kowa laifi ba, don ba ni da hujjar da zan ɗora. Amma mutanen da suka zauna a waɗancan bencuna suna da yawa, kuma ba zai yiwu a ce duk sun shuɗe ba. In akwai wanda ya yi aiki a Sharaɗa a lokacin, ina so in san ko ana nuna fim sau biyu a ranar Juma'a. In akwai wanda ya yi aiki a ofishinmu ya san makullai nawa kabad ɗin take da su, ko ya ji wani dalili na dakatar da majigin wanda ni ban ji ba, ina roƙonsa ya aiko ta hannun waɗanda suka buga wannan. Haka nan duk wanda ya ga na sauya wuri, ko na sa wa wani maganar da ba shi ya faɗa ba, ya gyara mini, zan karɓa.